Yadda zaka zaɓi na'urar gano ƙarfe ta farko ba tare da an cuce ka ba

Tambayar da kusan duk sabon shiga yake fara yi ita ce, mita nawa na'urar gano ƙarfe take gani a ƙarƙashin ƙasa? Kuma wannan tambayar ce take jefa mutane a hannun 'yan damfara, don mai sayar da jabu ya riga ya san abin da kunnenka yake son ji, zai ce maka mita goma, mita ashirin, tana ganin zinare daga nesa tana nuna maka hotonsa a sikirin, kai kuma zuciya ta riga ta kwaɗaitu sai ka miƙa kuɗi. Toh ɗan'uwa bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu, ditekta, wato na'urar gano ƙarfe, ta ƙwarai irin wadda masu sha'awar wannan harka suke yawo da ita, tsabar kuɗi guda ɗaya tana jin ta ne a zurfin santimita 15 zuwa 25, in ƙasar mai kyau ce ta ɗan wuce haka. Babban abu irin bokitin ƙarfe tana iya jin sa a wajen mita ɗaya. Shikenan. Kuma kar wannan ya kashe maka gwiwa, domin yawancin abin da mutane suka yar ko ya faɗi musu a wannan zurfin yake. Curin zinaren nan da ake kira Hand of Faith, mai nauyin kusan kilo 27, wanda Kevin Hillier ya tono a Kingower ta ƙasar Ostireliya a 1980, a zurfin kusan santimita 30 kawai yake kwance. Saboda haka ka ajiye maganar zurfi a gefe tukuna, ba da ita ake zaɓen na'ura ba.

Mataki na 1: ka yanke me zaka nema, kuma a wace irin ƙasa

Kafin ka kalli sunan kowane kamfani, ka zauna ka ba kanka amsar tambaya biyu. Me nake son samu? Kuma ina ne wurin da zan fi zuwa da gaske, ba wurin da nake mafarkin zuwa ba?

In tsofaffin kuɗi da zobba da sarƙa da maɓallai da ire-irensu kake so, a filaye da gonaki da tsofaffin kangaye, wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma kusan duk na'urar koyo an yi ta ne dominta. In bakin teku ne, sai ka ƙara tambayar kanka busasshen yashi ko jiƙaƙƙe, don gishirin da ke cikin jiƙaƙƙen yashi yana haukata na'urori da yawa, suyi ta ƙara babu komai a wurin. In kuma ɗanyen zinare kake nufi, wanda ke cikin duwatsu da tsakuwa, toh wannan wata harka ce daban, injinta daban, dokarta daban, wahalarta ma daban, kuma ba na ba kowa shawarar ya fara da ita don kawai yaga bidiyo. Wanda bai iya bambance ƙarar ƙusa da ta zobe ba, ɗan ƙwayar zinare da bata kai ƙwayar shinkafa ba, zai taka ta ya wuce ko da injin da yafi kowanne tsada ne a hannunsa.

Na'ura ɗaya bata yin komai da komai yadda ya kamata. Ka zaɓi wadda ta dace da aikin da zaka yi sau tara cikin goma.

Mataki na 2: ka san irin injin da ke ciki

A taƙaice ga yadda abin yake aiki. Wannan faifan da ke ƙasan sandar, naɗin waya ne a cikinsa. Naɗi ɗaya yana tura maganaɗisu cikin ƙasa, in ya haɗu da ƙarfe sai wata 'yar wutar lantarki ta motsa a jikin ƙarfen, ita kuma ta haifar da nata maganaɗisun, naɗi na biyu ya ji shi ya kai wa akwatin da ke sama, akwatin ya juya shi zuwa ƙara da lamba. Dabarar tsohuwa ce sosai, tun 1881 Alexander Graham Bell ya gwada irinta wajen neman harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield.

Iri uku zaka ci karo da su a kasuwa. Na farko VLF, shi ne na gama-gari, yana aiki da firikwansi ɗaya, wato saurin kaɗawar maganaɗisun da faifai ke turawa, yana iya bambance baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa, baya da nauyi, baya cin batir sosai. Mafi yawan masu farawa nan ya kamata su tsaya. Na biyu PI, wannan bugun wuta yake turawa ɗaya bayan ɗaya ya saurari amsa, gishiri da ma'adinan ƙasa basa damun sa kamar VLF kuma yana shiga zurfi, amma kusan baya tantance komai, ƙusa da waya da zinare duk ƙara ɗaya ce ko kusa da haka, zaka wuni kana tonon tarkace. Na ƙwararrun masu neman zinare ne da masu nutso a teku, kar ka fara da shi. Na uku shi ne mai firikwansi da yawa a lokaci guda, da can sai masu hannu da shuni, amma tun da kamfanin Minelab ya fito da Equinox a 2018 sannan Vanquish ta biyo baya abin ya sauko inda mai koyo zai iya kaiwa, sauran kamfanoni ma suka bi sahu. In jiƙaƙƙen yashin teku na cikin lissafinka, wannan na ukun nake ba ka shawara kai tsaye.

Maganar firikwansi kuma bata da wuya. Ana auna ta da kHz, wato kaɗawa dubu a daƙiƙa ɗaya. Ƙarama, misali 5 kHz, tafi son manyan abubuwa na azurfa da tagulla kuma tafi nutsawa ƙasa. Babba tafi jin ƙananan abubuwa da siririn zinare amma bata nisa. Tsakanin 6 da 15 kHz nan ne na aikin yau da kullum. Injinan ɗanyen zinare su can sama suke, Gold Monster 1000 tana kan 45 kHz, Fisher Gold Bug 2 kuma 71 kHz. Kaga ke nan in wani yace maka na'ura mai 6 kHz ta ƙware a neman ƙwayar zinare, ka san ko dai bai sani ba ko yana so ya sayar maka ne kawai.

Mataki na 3: daidaita ƙasa, wannan kar ka yi wasa da shi

Nan ne nake so ka fi mai da hankali, don shi ne abin da talla bata cika faɗa ba kuma shi ne yake sa mutum ya jefar da na'urarsa a lungu bayan sati biyu yace bata aiki. Ƙasa kanta tana da ma'adinin ƙarfe a cikinta, wata kaɗan wata da yawa. Jar ƙasa, marmara, baƙin yashi, wuraren da dutsen aman wuta ya taɓa malala, duk suna amsa wa na'ura kamar ƙarfe ne shimfiɗe ko'ina. Kamar ka kunna fitilar mota cikin hazo mai kauri ne, hasken yana dawo maka a ido, abin da ke gaba kuma baka ganin sa, ƙara ƙarfin fitilar ma ƙara makanta yake. Abin da masu harkar ke kira giraun balans, wato daidaita ƙasa, shi ne koya wa na'ura yadda ƙasar wurin take don ta cire ta daga lissafi ta saurari ƙarfen gaske kaɗai.

Wasu na'urorin an kafe musu wannan saitin tun daga masana'anta, baka iya taɓa shi. Garrett ACE 200 da 300 da 400 haka suke, Fisher F22 ma haka. A ƙasa mai laushi mara ma'adini da yawa lafiya ƙalau suke aiki, amma ka kai su jar ƙasa mai ma'adini da yawa sai zurfinsu ya ragu, lamba ta dinga tsalle. Wasu kuma suna da maɓalli, ka danna ka riƙe, ka dinga ɗaga faifan sama kana sauke shi kusa da ƙasa a wurin da babu ƙarfe, cikin daƙiƙu kaɗan ta daidaita kanta. Nokta Simplex tana da wannan, Garrett AT Pro da Minelab X-Terra Pro ma suna da shi. A ganina in baka tabbatar da irin ƙasarku ba, kar ka sayi wadda bata da wannan maɓallin, sai dai in zaka ɗauki mai firikwansi da yawa wadda take shanye matsalar da kanta.

Akwai gwaji mai sauƙi da zaka yi tun kafin ka kashe ko sisi. Ka samu maganaɗisu mai ƙarfi, na tsohuwar sifika ma ya isa, ka saka shi a leda ka ja shi cikin busasshiyar ƙasar wurin da kake son yin aiki. In ya fito da baƙin gari manne da yawa, ƙasar tana da ma'adini, ka san inda ka dosa.

Mataki na 4: tantance ƙarfe da lambar sikirin

Na'urar zamani tana ba ka lamba duk lokacin da faifai ya wuce kan abu, yawanci daga 0 zuwa 99, wasu kuma irin Vanquish ta farko daga -9 zuwa 40. Baƙin ƙarfe yana ƙasa can, takardar alminiyam da ƙananan zinare da kunnen gwangwanin lemo suna tsakiya, tagulla da azurfa suna sama. Kana iya ce mata ta yi shiru a kan wasu lambobi, wannan shi ne tantancewa.

Amma ka riƙe wannan da kyau, lambar nan hasashe ce, ba sunan ƙarfe take karantowa ba. Girman abu da siffarsa da yadda ya kwanta da zurfinsa duk suna canza ta. Babu wata na'ura a duniya da zata ce maka wannan zinare ne tabbas. Zoben zinare da kunnen gwangwani lambarsu kusan ɗaya ce, in ka toshe ɗaya ka toshe ɗayan, shi yasa duk wanda kaji yana samun zobba toh ka tabbata ya tono gwangwani ba adadi. Tsohon marfin kwalba mai tsatsa kuma yana yawan yin ƙara mai daɗi kamar kuɗi. Wannan ba laifin na'ura bane.

Abin da zaka duba wajen saye, ta zama tana nuna lamba ba wai hoton zobe da ƙusa kawai ba, tana da sauti aƙalla iri uku don kunnenka ya dinga aiki ba sai ka kafe ido a sikirin ba, tana da maɓallin nuna tsakiyar abu, kuma tana barin ka rage ko ƙara ƙarfin jinta. In tana da saitin jin baƙin ƙarfe da 'yar ƙaramar murya maimakon ta toshe shi gaba ɗaya, wannan ƙari ne mai amfani, don a tsofaffin kangaye ƙusa tana yawan ɓoye abu mai kyau da ke kusa da ita.

Mataki na 5: faifai, nauyi, ruwa, batir

Faifai iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai da'ira cikin da'ira, yana da sauƙin nuna ainihin inda abu yake. Akwai DD, wanda naɗinsa biyu suka hau juna, shi yafi jure ƙasa mai ma'adini kuma yafi raba abubuwa biyu da ke kusa da juna. Ni DD nake zaɓa wa mai farawa. Girman da yake zuwa da na'ura, inci 9 zuwa 11, ya ishe ka shekara guda ko fiye. Babban faifai yana ƙara zurfi kaɗan a kan manyan abubuwa amma yana da nauyi kuma a wuri mai tarkace yana jin abu biyar a lokaci ɗaya ya rikice, ƙarami mai inci 5 ko 6 shi ne maganin irin wannan wurin. Sai dai ka sani faifan wani kamfani baya shiga na'urar wani, sau da yawa ko a kamfani ɗaya ma kowane samfuri da nasa, don haka ka bincika ana samun faifan canji na wadda zaka saya.

Nauyi kuma mutane suna raina shi sai sun yi awa uku suna lilo da hannu ɗaya. Tsakanin kilo 1.2 da 1.4 yayi daidai. In da hali ka riƙe ta kafin ka biya, ka daidaita tsawon sandar yadda faifan zai kwanta a gaban ƙafarka hannunka a sake ba ka sunkuya ba, ka lilata minti biyar kaji yadda wuyan hannunka yake. Wata ba nauyi gare ta ba amma duk nauyin ya tafi gaba, ita tafi gajiyarwa. In yaro ko mace mara tsayi zaka saya wa, ka tabbatar sandar tana gajarcewa sosai.

Ruwa, a nan akwai tarko. Kusan duk faifai yana shiga ruwa, amma akwatin sama ba kowanne ba. In an rubuta tana jure yayyafi, toh yayyafin kawai ake nufi. Wadda ake nutsawa da ita zaka ga an rubuta IP68 da zurfin da take jurewa, Simplex+ da AT Pro mita 3 ne, X-Terra Pro mita 5. In taka bata shiga ruwa, kar ka ɗaga jiƙaƙƙen faifai sama da akwatin, ruwan zai bi cikin sanda ya gangaro.

Batir kuma ya danganta da yadda kake rayuwa. Mai cin batir AA guda huɗu irin ACE da Vanquish ta farko, in ya mutu a daji ka canza ka ci gaba. Mai batirin ciki da ake caji da USB irin Simplex tafi sauƙin kashe kuɗi a kan lokaci, sai ka riƙe fawa bank a jaka. Kowanne da daɗinsa.

Mataki na 6: kamfani da samfuri

Sunayen da suka daɗe ana amincewa da su basu da yawa. Garrett ta Amurka tun 1964 take, Fisher ta girme ta ma tun 1931, Minelab ta Ostireliya tun 1985, sai Nokta ta Turkiyya da XP ta Faransa. White's da Tesoro sun yi suna a da amma duk sun rufe, in kaga nasu na hannu ka tuna gyara da kayan canji zasu yi maka wuya.

In ni za'a tambaya, mai farawa a tudu da ƙasa wadda bai san halinta ba, Simplex ko X-Terra Pro, don suna da daidaita ƙasa kuma suna shiga ruwa, ba zaka yi saurin fin ƙarfinsu ba. Mai zuwa bakin teku ko wanda baya son yawan latse-latse, Vanquish, kunna ka tafi. Mai ƙasa mara ma'adini da yawa da ke son abu mai sauƙin fahimta, ACE 300 ko 400 ko F22 zasu yi masa. Irin su XP Deus da Equinox da Nokta Legend injina ne masu kyau ƙwarai amma saitinsu yana da yawa, sabon shiga yana iya ɓata wata shida yana juya maɓalli maimakon ya koyi sauraro. Ta can ƙasa a kuɗi kuma, irin wadda bata da suna, ta roba mai kama da kayan wasan yara, araha bata ado, zata sa ka tsani harkar tun baka fara ba.

Mataki na 7: jabu da sandunan tsafi

Jabun manyan samfura sun cika kasuwa, musamman na injinan zinare irin GPX ta Minelab, kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, ciki kuwa babu komai na kirki. Kamfanonin da kansu sun sha yin gargaɗi a kai. Hanyar tsira ita ce ka shiga shafin kamfanin na intanet ka duba jerin dilolin da suka amince da su, ka sayi a wurinsu, ka karɓi rasit da takardar garanti, ka ɗauki siriyal lambar ka tura wa kamfanin su tabbatar maka. In kaga kuɗin ya faɗi ƙasa da rabin yadda kowa yake sayarwa, ka juya kawai.

Sai kuma wanda yafi jabu muni, wato waɗannan masu eriya biyu ko sanda mai juyawa a hannu da ake cewa suna jiyo zinare daga nisan kilomita. Ƙarfin maganaɗisun na'ura yana raguwa da sauri sosai da zarar ka ɗan matsa, babu yadda za'a yi ƙaramin batir ya jiyo zobe daga can nesa. Eriyar tana juyawa ne da motsin hannun mai riƙe da ita. Wani ɗan Birtaniya James McCormick ya sayar wa gwamnatoci irin wannan da sunan ADE 651 wai tana gano bam, Iraƙi ta saye su da yawa aka jera a shingayen bincike, ashe babu wani abu mai aiki a ciki, asalinta ma abin wasa ne na neman ƙwallon golf, a 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 10. In har gwamnati ta faɗa wannan ramin, kai ma sai ka buɗe ido. Duk wanda zai gwada maka na'ura, kai ka binne abin da hannunka a inda bai gani ba, ka ce ya nemo. Gani ya kori ji.

In na hannu zaka saya babu laifi, amma ka kunna ta ka bar ta minti goma, ka duba gidan batir ko akwai tsatsa ko farin gari, ka duba kunnuwan faifai inda ƙusar roba take shiga don nan suke yawan tsagewa, ka murza wayar faifan a hankali tana kunne, in ta fara ƙara da kanta wayar ta karye a ciki. Ka danna kowane maɓalli, ka wuce da tsabar kuɗi a gaban faifan kaga lambar tana tsayawa wuri ɗaya.

Mataki na 8: kar ka zuba duk kuɗinka a na'urar kaɗai

Ka ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka tanada don kayan haɗi. Na farko a ciki finfointa, 'yar ƙaramar sandar hannu da ake zurawa cikin rami tana ƙara tana girgiza in ta kusanci ƙarfe. Ba tare da ita ba zaka yi minti goma kana marmasa ƙasa kana neman abin da launinsa ya zama ɗaya da ƙasar, da ita minti ɗaya ya isa. Gara na'ura matsakaiciya da finfointa a kan babbar na'ura babu ita. Sai hedfon, don ƙarar abu mai zurfi siririya ce iska tana cinye ta, kuma in mara waya ne ka ɗauki wanda aka yi domin na'urar, na waƙa yana jinkiri, sai faifai ya wuce wurin kafin kaji ƙarar. Sai ƙaramin shebur mai ƙarfi, safar hannu saboda gilas da gwangwani, jaka mai aljihu biyu ɗaya na tarkace ɗaya na abin kirki, da murfin roba na ƙasan faifai. Allurar tetanus ma ka tabbatar taka bata tsufa ba, tsatsa zaka yi ta taɓawa. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya tambayi likitansa tukuna.

Mataki na 9: doka da izini, kafin ka biya ba bayan ka biya ba

Kowace ƙasa da nata tsarin, wasu ma kwastan ke riƙe na'urar tun a bakin shigowa. A Ingila da Wales an yarda da harkar amma dokar Treasure Act ta 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya shiga sahun taska cikin kwana 14. A Faransa tun 1989 sai da izinin hukuma ake neman kayan tarihi da na'ura, a Ireland ma sai da lasisi, a Amurka kuma an hana a gandayen ƙasa da gwamnatin tarayya ke karewa. Haƙar zinare ita kuma lasisin ma'adinai take buƙata daban. Ka je hukumar da ke kula da kayan tarihi ta ƙasarka ka tambaya.

Kowane fili yana da mai shi, ka nemi izini, kuma ku yi magana tun farko a kan yadda za'a raba in an samu wani abu, a rubuce in zai yiwu. Taskar Staffordshire ta Ingila da Terry Herbert ya gano a 2009, mai zinare kusan kilo 5, da tsohuwar na'ura ta hannu ya same ta a gonar wani manomi da ya ba shi izini, aka kai rahoto, masana suka zo suka tono sauran, ladan aka raba shi biyu tsakanin Herbert da manomin, kayan kuma suna gidan tarihi kowa yana gani. Maƙabarta da wuraren ibada da wuraren tarihi da aka killace, waɗannan ko kusa kar ka je. Abin da aka fizge daga wurinsa ba tare da an rubuta inda yake ba, labarin da yake ɗauke da shi ya tafi har abada, kuma wannan asarar ta kowa ce.

Mataki na 10: ranar da ta iso hannunka

Ka karanta littafinta daga farko har ƙarshe, gajere ne. Kar ka kunna ta a ɗaki, wayoyin wuta da rodin da ke cikin siminti zasu sa ta yi ta ihu kace lalatacciya ce. Ka fita fili nesa da taransifoma da manyan wayoyi, ka cire zobe da agogo, takalmi mai ƙarfe a baki ma ka bar shi a gida.

Ka yi wa kanka filin gwaji. Ka binne tsabar kuɗi a santimita 10, wata a 15, wata a 20, sai ƙusa, marfin kwalba, kunnen gwangwani, guntun tagulla, tsakanin kowanne taku biyu, ka zana taswirarsu a takarda. Ka ƙara rami ɗaya da ka haɗa ƙusa da kuɗi kusa da juna, wannan zai koya maka abu da yawa. Ka bi su kana sauraro kana rubuta lambar kowanne.

Wajen lilo, faifan ya kwanta daidai da ƙasa, tazarar yatsa ɗaya ko biyu, kar ka bari ya tashi sama a ƙarshen kowane lilo, nan ne mutane suke asarar rabin zurfinsu. Kowane lilo ya hau rabin na baya, kana tafiya a hankali, wajen daƙiƙa biyu daga dama zuwa hagu. VLF sai faifai yana motsi take ji, in ka tsaya cak a kan abu zata yi shiru. Ƙarfin ji kuma kar ka kai shi ƙarshe, ka ƙara har ta fara surutu sannan ka rage ɗaya ko biyu. In kaji ƙara, ka zagaya ka sake bin wurin ta gicciye, abin kirki yawanci yana maimaita ƙara ɗaya da lamba kusan ɗaya ta kowane ɓangare, tarkace kuma yana yankewa ko lambarsa ta yi ta tsalle.

A watan farko ka toshe baƙin ƙarfe kaɗai, duk sauran abin da ya maimaita ƙara ka tono shi, kafin ka tono ka faɗa wa kanka me kake zato sannan ka duba ko ka canka. Haka kunne yake koyo. A wuri mai ciyawa ka yanka gefe uku ka buɗe kamar ƙofa, ƙasar da ka kwaso ka zuba a kan ƙyalle, in ka ciro abin ka sake wucewa da faifai a kan ramin don sau da yawa akwai na biyu, sannan ka mayar da ƙasa ka rufe ka taka. Tarkacen da ka tono ka tafi da shi. Ka kula da bututun ruwa da wayar wuta da aka binne, in ƙara ta miƙe doguwa a layi ɗaya kar ka sa shebur. In kuma ka ci karo da abu mai kama da harsashi babba ko gurneti ko bam, musamman a wurin da aka taɓa yaƙi, kar ka taɓa kar ka ƙwanƙwasa kar ka ce zaka ɗauka ka nuna wa wani, ka sa alama daga nesa, ka janye mutane, ka kira jami'an tsaro.